Sautin da Kunne ba ya Kamawa: Tarihin Kalmar «Ultrasound»

Akwai kalmomin da ke shigowa cikin harshe da tarihinsu a goye, amma masu furta su ba su lura da goyon. Kalmar Ingilishi «ultrasound» tana cikin irinsu. In an ambace ta a Kano ko Katsina, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne wani ɗaki mai duhu a asibiti, da mace mai juna biyu a kwance, da allo mai nuna hoto baƙi da fari. A Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa, inda Faransanci ya fi zama, «ekografi» ake cewa, ko a taƙaita a ce hoton ciki. Amma ba a asibiti aka raɗa wa kalmar suna ba, kuma tun asali ba ruwanta da hoto. Sunan wani sauti ne da ya sirance har kunnen ɗan Adam ya kasa kama shi, kuma an yi fiye da shekara ɗari ana jayayya kafin masana su yarda cewa irin wannan sauti yana da wani aiki a duniya.

Gaɓoɓinta biyu ne. «Ultra» daga Latin take, tana nufin abin da ya ƙetare iyaka. «Sound» kuwa sauti ne, ita ma daga Latin ta taso, ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi. Shi ya sa Bafaranshe ke cewa «ultrason»: kalmomin biyu ƴan ɗaki ɗaya ne. Iyakar da aka ƙetare ita ce ta kunne. Sauti karkarwa ce da ke tafiya cikin iska ko ruwa ko ƙarfe: makaɗi ya bugi fatar ganga, fatar ta yi rawa, ta tura iskar da ke kusa da ita, wannan ta tura ta gaba, har abin ya iso dodon kunne. Ana ƙirga yawan karkarwar a cikin sakan guda, ma'aunin kuma ana kiransa hertz domin tunawa da Bajamushen masani Heinrich Hertz, wanda ya rasu a 1894. In karkarwar kaɗan ce sai sauti ya yi kauri, in ta yawaita sai ya sirance. Kunnen yaro mai lafiya yana kama abin da ke tsakanin hertz 20 da hertz dubu 20. Abin da ya haura haka shi ake kira «ultrasound».

Wannan iyaka ta ɗan Adam ce shi kaɗai. Kare yana ji har wajen hertz dubu 45, kyanwa ta wuce dubu 60, wasu jemagu kuma suna kuka da muryar da ta zarce dubu 100. A wurinsu sauti ne kamar kowane sauti. Ashe ke nan kalmar labarin gajiyawar mai saurare take bayarwa, ko da yake a ido kamar halin sautin take bayyanawa. Hasali ma iyakar ba ta tsaya wuri ɗaya ba ko a tsakanin mutane, domin tana saukowa da shekaru: abin da almajiri ke ji sarai, malaminsa mai furfura yana iya rantsewa babu shi.

Labarin ya faro ne da jemage, a ƙasar Italiya. A 1793 Lazzaro Spallanzani, limamin Kirista kuma malami a jami'ar Pavia, ya lura cewa mujiya, duk da sunan da ta yi na gani cikin dare, in aka kashe kyandir ɗaki ya yi duhu ƙirin sai ta riƙa cin karo da bango. Jemage kuwa ko a jikinsa. Sai ya yi gwajin da a yau ba wanda zai kira shi da wani suna in ba ƙeta ba: ya makantar da jemagu ya sake su cikin ɗakin da aka rataye zarurruka, suka bi tsakanin zarurrukan ba tare da sun taɓa su ba. Ya kamo wasu daga hasumiyar babbar majami'ar Pavia, ya makantar da su ya sake su. Bayan ƴan kwanaki da aka sake kama wasunsu, sai aka tarar cikinsu cike da ƙwari, daidai da na masu ido. A 1794 wani likitan fiɗa na birnin Janeba mai suna Jurine ya ƙara mataki guda: ya toshe kunnuwan jemagu da kaki, sai ga su suna karo da duk abin da ke gabansu. Spallanzani bai amince nan take ba, domin yana zaton ko zafin toshiyar ne ya ruɗe su. Sai ya sa aka ƙera masa ƴan sirarran bututu na tagulla ya zura a kunnuwansu. In bututun a buɗe yake jemage ya tashi lafiya, in an toshe shi ya rikice. Hujja ta tsaya cewa da kunne jemage ke neman hanya.

Abin da ya gagare shi shi ne faɗin abin da jemagen ke ji, tun da a kunnen mutum tashinsa shiru ne. A nan ne babban masanin dabbobi na Faransa, Georges Cuvier, ya shigo, ya yanke hukunci cewa fatar fikafikan jemage ce ke da saurin jin taɓi, da ita yake gane kusantar bango. Bai yi wani gwajin da ya tabbatar da haka ba. Girman sunansa ne ya tsaya masa. Har wani masani a Ingila ya yi ba'a yana tambaya ko jemagu da ido suke ji, tun da an ce da kunne suke gani. Spallanzani ya rasu a 1799, littattafan koyarwa kuma suka ci gaba da maimaita maganar Cuvier tsara bayan tsara. Wanda ya yi gwaji ya sha kaye a hannun wanda ya yi suna, kuma abin da ya taimaka wa kayen shi ne rashin kalma: ba a da sunan da za a kira sautin da ba a ji, don haka aka ɗauka zancen ma bai da ma'ana.

A ƙarni na 19 aka fara laluben iyakar. A 1820 Baturen Ingila William Hyde Wollaston ya gabatar da takarda a kan sautukan da wasu kunnuwa ba su kamawa, ya kawo misalin mutanen da ba su jin kukan wasu ƙwari irin su gyare alhali na kusa da su yana ji. A 1876 Francis Galton, ɗan uwan Charles Darwin, ya ƙera wani ɗan usur na tagulla wanda ake murɗawa a sirantar da kukansa sannu a hankali har ya ɓace wa kunne. Ya liƙa shi a ƙarshen sandarsa ya riƙa yawo gidan ajiye namun daji na Landan yana busa wa dabbobi ba tare da masu kallo sun sani ba, ya gano cewa kyanwa ta fi saura jin siririn sauti, ya kuma tabbatar da cewa tsofaffi suna rasa wannan ji ba tare da sun farga ba. Shi wannan Galton shi ne kuma uban muguwar aƙidar nan ta tace irin ɗan Adam, wadda ta jawo ɓarna mai yawa a ƙarni na 20. Usur ɗinsa dai shi ne kakan wanda masu kiwon karnuka ke busawa a Turai.

Usur bai isa ya yi wani babban aiki ba. Mabuɗin ya fito daga Paris a 1880, lokacin da ƴan uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa in aka matse wasu duwatsu masu ƙyalli irin su kuwarz sai su fitar da lantarki. Shekara guda bayan haka aka tabbatar da akasinsa: in aka sa wa dutsen lantarki sai ya motsa. Ma'ana, dutse guda yana iya zama baki ya kuma zama kunne, ya yi karkarwa sau dubu ɗaruruwa a sakan, sa'an nan ya saurari abin da ya dawo. An bar wannan sani a ɗakin bincike fiye da shekara 30, sai da masifa ta neme shi. A watan Afirilu na 1912 jirgin ruwa Titanic ya yi karo da tsaunin ƙanƙara, mutum fiye da 1,500 suka halaka, masu ƙirƙira suka shiga neman hanyar gane abin da ke cikin ruwa ta amsa kuwwa. Bayan shekara biyu yaƙin duniya na farko ya ɓarke, jiragen Jamus masu nutso suka riƙa nutsar da jiragen Faransa da na Ingila. Daga 1915 Paul Langevin, almajirin Pierre Curie, ya duƙufa kan wannan aiki tare da wani injiniya ɗan Rasha, Constantin Chilowsky. A 1917 ya koma ga dutsen kuwarz, daga baya ya danne shi tsakanin faranta biyu na ƙarfe, kuma a tashar jiragen ruwa ta Tulon ya yi nasarar jin amsa kuwwar jirgi mai nutso. Waɗanda suka ga gwaje-gwajen sun ba da labarin ƙananan kifaye da suka mutu da suka ratsa ta gaban na'urar, da zafin da mutum ke ji in ya tsoma hannu. Yaƙi ya ƙare kafin a yi amfani da ita a fagen daga, amma ita ce tushen na'urorin da jiragen ruwa suka yi yaƙi na biyu da su.

Dalilin da ya sa aka zaɓi siririn sauti yana da sauƙin koyarwa a aji. Sauti yana tafiya kimanin mita 340 a sakan cikin iska. Sautin da ke karkarwa sau 340 a sakan, kowace igiyarsa tsawonta mita guda ne, kuma igiya mai wannan tsawo takan kewaye ƙaramin abu ta wuce kamar yadda ruwan gulbi ke kewaye turke. Sautin hertz dubu 50 kuwa igiyarsa ba ta kai santimita guda ba, don haka ko ƙwaro ta samu sai ta dawo da labarinsa. Ana kuma iya tattara shi a harba wuri guda kamar hasken tocila.

A wannan zamani ne kalmar ta bayyana, kuma da kishiya ta zo. Tun wajen 1919 masu rubutu da Ingilishi suna kiran sautin da ya fi ƙarfin kunne «supersonic», wato abin da ke bisa sauti. «Ultrasonic» ta biyo baya a shekarun 1920, ita da «ultrasound» suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da «ultrason» ta Faransawa. Shekara da shekaru kalmomin biyu suna zaune a gida ɗaya, kowane masani yana ɗaukar wadda ya ga dama. Ba'amurke Floyd Firestone, wanda ya ƙera na'urar gano tsaga a cikin ƙarfe a farkon shekarun 1940, da «supersonic» ya raɗa mata suna. Masu jiragen sama ne suka raba gardamar. Su ma suna bukatar kalma don gudun da ya zarce gudun sauti, suka kama «supersonic», kuma bayan ranar 14 ga Oktoba 1947, da matuƙi Chuck Yeager ya wuce gudun sauti a sararin Kalifoniya, jaridu suka mallaka musu ita. Daga nan aka raba gado: «supersonic» ta zama ta gudu, «ultrasonic» ta zama ta siranta. Wanda ke fassara tsohon rubutu na kafin yaƙi na biyu sai ya yi hattara, domin in ya ga an ce kukan jemage «supersonic» ne, ba ana nufin ya fi sauti gudu ba ne.

Da waccan tsohuwar kalma ma aka wanke Spallanzani. A 1938 wani ɗalibin jami'ar Harvard, Donald Griffin, ya ɗauki kejin jemagu ya kai ɗakin binciken George Washington Pierce, malamin da ya ƙera na'urar da ke mai da siririn sauti abin da kunne zai ji. Ana kunna ta sai ɗakin da ake zaton shiru ne ya cika da ƙara. Griffin da abokinsa Robert Galambos suka maimaita gwaje-gwajen toshe kunne, suka ƙara da ɗaure baki, suka nuna cewa jemage kuka yake yi yana sauraron amsa kuwwarsa. Griffin ya ba da labarin wani babban masani da ya kama kafaɗun Galambos a wurin taro yana jijjiga shi don ya ƙi gaskata abin da ya ji. Daga gwajin Pavia zuwa na Harvard shekara 145 ne. Sai dai a kiyaye: ƙananan jemagu masu cin ƙwari ne ke da wannan baiwa. Manyan nan masu cin ƴaƴan itace, da ake gani reto a bishiyoyin garuruwa da rana, galibinsu da ido da hanci suke neman abinci.

Kalmar tana da ƙanwa, «infrasound», ta sautin da ya yi kauri har ya faɗi ƙasa da hertz 20. Irinsa ne ya fito daga dutsen Karakatowa na Indonesiya da ya fashe ranar 27 ga Agusta 1883, wanda ma'aunan nauyin iska a biranen duniya suka nuna ya kewaye ƙasa fiye da sau uku. A 1984 Ba'amurkiya Katy Payne tana tsaye kusa da giwaye a gidan namun daji na Portland ta ji iska tana bugawa a jikinta, daga nan aka gano cewa giwaye suna kiran juna da muryar da ke tafiya kilomitoci. A nan Hausa tana da wata dama da Ingilishi da Faransanci ba su da ita, tana kuma da wata matsala. Kalmar «ji» ta haɗa aikin kunne da na fata da na hanci da na zuciya: ana jin magana, ana jin sanyi, ana jin ƙanshi, ana jin tsoro. Saboda haka malamin da ya ce wa ɗalibai «sautin da ba a ji» bai gama magana ba, domin Katy Payne ta ji, a ƙirjinta. Gara ya ce sautin da kunne ba ya kamawa.

Shigar kalmar asibiti ta ƙofar maƙera ta bi. A 1942 wani likita a Biyana, Karl Dussik, ya yi ƙoƙarin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da sauti, amma daga baya aka gane cewa abin da ya gani inuwar ƙashin kai ce kawai. A 1953 likitan zuciya Inge Edler na birnin Lund a Suwidin da masani Hellmuth Hertz, wanda dangin Hertz ɗin ma'auni ne, suka ari na'urar duba tsagar ƙarfe daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Malmo suka ɗora a ƙirji, suka ga motsin zuciya. Amma wanda ya fi kowa ɗaure kalmar da ciki shi ne Ian Donald, shehun malamin ilimin haihuwa a Gilasgo, wanda ya san na'urorin amsa kuwwa tun yana likitan sojan sama a yaƙi na biyu. Ranar 21 ga Yuli 1955 ya loda wa mota ƙulle-ƙullen da aka ciro daga cikin mata a ɗakin fiɗa, ya nufi masana'antar tukwanen tururi ta Babcock and Wilcox, ya roƙi ma'aikata su gwada na'urarsu a kan nama. Ya ga cewa amsar da ƙulli mai ruwa ke bayarwa daban take da ta ƙulli mai tauri. Abokan aikinsa sun yi ta yi masa dariya har ranar da aka kawo wata mata da aka yanke ƙauna gare ta, ana zaton ciwon daji ne ya cinye ta. Na'urar ta nuna ƙaton ƙulli mai ruwa, aka yi fiɗa aka cire, matar ta tashi. Ranar 7 ga Yuni 1958 Donald da likita John MacVicar da wani matashin injiniya Tom Brown suka buga sakamakonsu a mujallar likitoci ta Lancet, da kalmar «ultrasound» a cikin kan maganar.

Tun daga nan ma'anar ta fara zamewa. Kalmar da ke nufin sauti ta koma nufin aikin dubawa, sa'an nan ta koma nufin takardar hoton da ake miƙa wa mai ciki, har Bature yakan ce ya ga «ultrasound» na ɗansa, wato ya ga sautin da ba a ji. Faransanci ya kauce wa wannan ruɗani da ya ware «ultrason» ga sauti, ya ba aikin suna «échographie», rubutun amsa kuwwa, wanda ya fi dacewa da abin da na'urar ke yi. Tana harba sauti na hertz miliyan 2 zuwa sama, ta jira. A cikin tsokar mutum sauti yana gudun kimanin mita 1,540 a sakan, don haka amsar abin da ke zurfin santimita 10 tana dawowa kafin kashi ɗaya cikin dubu bakwai na sakan ya cika. Daga jinkirin kowace amsa na'urar ke lissafa zurfi ta ɗiga ɗigo a allo. Ba ta amfani da hasken nan mai ratsa ƙashi na rediyo, shi ya sa aka amince da ita ga masu juna biyu, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki dubawa ɗaya kafin mako na 24, domin a san kwanakin cikin, a kuma gane tagwaye da wuri.

Idon da ke ganin tagwaye kuwa yana ganin jinsi. A Indiya, inda nauyin kuɗin aurar da ɗiya ya sa iyalai da yawa ke fifita ɗa namiji, yaɗuwar na'urar a shekarun 1980 ta zo da zubar da cikin ƴaƴa mata. A 1994 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta haramta wa likita faɗin jinsin abin da ke ciki, aka ƙara tsaurara ta a 2003. Duk da haka ƙidayar jama'a ta nuna cewa a cikin yara ƴan ƙasa da shekara 7, mata 945 ne ga kowane maza dubu a 1991, suka sauko 927 a 2001, suka faɗi ƙasa da 920 a 2011. Ba Langevin ba Donald, ba wanda ya hango haka a cikinsu.

Akwai kuma ƴar ƙaramar na'ura da unguwarzoma ke riƙewa a tafin hannu, wadda ba ta da allon hoto. Tana aiki da ƙa'idar da Christian Doppler na Ostiriya ya bayyana a 1842, cewa sautin da ya fito daga abu mai motsi yana sauya siranta, kamar yadda ƙarar hon ɗin mota ke sauyawa in ta wuce mutum a guje. Na'urar tana harba sautin hertz miliyan 2 ko 3, ya bugi zuciyar ɗan tayi ya dawo da ɗan bambanci, kuma wannan bambanci ya faɗo daidai cikin abin da kunne ke kamawa. Shi ake sa wa lasifika, uwa ta ji bugu 110 zuwa 160 a minti guda, kusan ninki biyu na bugun tata zuciyar.